Jan Tauraro da Tsohon Maƙeri

Akwai wani tsohon maƙeri da kowa ke kira Baba Guduma. Shekara arba'in yana gaban wuta, har hannunsa ya fara rawa. Autarsa ta karanci kimiyya, kuma tun da ta karɓo takardar kammala karatu ba a iya mata gyara.

Wata makaranta ta kira ta gwajin aikin koyarwa. Gurbi ɗaya ne, masu nema takwas. Aka ce ta shirya darasi a kan wani tsohon jan tauraro da ake gani ta arewa.

Ana gobe gwajin, ta tsaya a ƙofar maƙera tana bita da ƙarfi: "Tauraron nan ya yi ja ne saboda ya fi rana zafi."

Baba ya ajiye awartaki. "Anya kuwa, Auta? A wurinmu farin ƙarfe ne mai zafi. In ya koma ja, ya fara hucewa ke nan."

"Haba Baba, maganar sararin samaniya ake yi, ba ta fartanya ba."

Ya ci gaba da zuga wuta. Abin ya sosa masa rai.

Washegari tana tsaye gaban allo ta maimaita maganarta. Shugabar masu gwajin ta ɗago kai, ta ajiye biro. Auta ta gane akwai gyara a maganarta. Nan take ta tuna ƙarfen babanta a kan uwar maƙera.

"Ku yi haƙuri, na yi kuskure. Tauraron tsufa ya yi, makamashin cikinsa ya ja baya, sai ya kumbura, samansa ya huce. Shi ya sa ya yi ja."

Shugabar ta ce, "In ya huce, me ya sa ya fi rana haske?"

"Girmansa ne, ranki ya daɗe. Garwashi cike da murhu ya fi tartsatsi ɗaya haskaka ɗaki, ko da tartsatsin ya fi zafi."

"A wane littafi kika samo wannan misalin?"

Ta sunkuyar da kai. "A maƙerar babana."

Ita aka ɗauka. Da ta koma gida ta durƙusa gabansa, kunya ta hana ta haɗa ido da shi, ta kwashe komai ta faɗa masa.

Baba ya yi dariya. "Ashe ni da tauraron nan sa'anni ne. Mun huce, Auta, amma ba mu mutu ba."

Darasi: Kada boko ya sa ka raina maganar tsoho don ƙarfinsa ya ragu. Abin da ya gani da idonsa yana iya fitar da kai kunya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu iyaye a raye.