Ganyen Waken da Aka Fesa wa Magani

An yi wani mutum, manomi na gaske, wanda ba a fin shi wake. Aibinsa ɗaya: rowa. Ko kara ka ɗauka a gonarsa, sai ya ji shi har cikin ransa.

Wata damina ya lura ana tsinkar masa ganyen wake ta gefen hanya. Ba wani mai yawa ba, na miya ɗaya ne. Amma kullum sai ya tsuguna a wurin yana ƙwafa.

Ranar da ya goya tankin feshi, matarsa ta ce, "Maigida, ka ninka maganin nan fa, warinsa har ɗaki. Ka gaya wa mutane mana, ko ka ɗaura jan ƙyalle a bakin gonar."

Ya ce, "In yi wa ɓarawo shela? Bari cikinsa ya murɗa kwana biyu, ya yi hankali."

Ya 'yan uwa, bai yi niyyar kisa ba. Amma yaushe guba ta taɓa tambayar mutum ko shi wane ne?

Washegari da la'asar aka kira shi gidan wansa, inda mahaifiyarsu take zaune. Ya tarar da ita kwance a tabarma, gumi sharkaf, yawu na zuba.

Matar wan ta ce, "Ganyen gonarka ta dafa. Inna ta saba tsinka. Ta ce kar a gaya maka, kar ranka ya ɓaci."

A asibiti likita ya tambaya ko an san abin da ta ci. A gaban 'yan uwansa manomin ya faɗi sunan maganin, da murfin kwalba nawa ya zuba. Wansa ya dube shi kawai.

Ba ta kai magariba ba.

Waken ya yi kyau, ya bushe, ya farfashe a ƙasa. Mai shi ya kasa shiga gonar. Har yau in ya kai bakinta, sai ya juya.

'Yan uwa, wanda ya yi feshi ya ɓoye, tarko ya ɗana, kuma ba shi zai zaɓi mai faɗawa ba. Ku sanar da maƙwabta, ku sa alama. Ku kuma tambayi kanku: wane irin hali ne zai sa uwa ta ji nauyin roƙon ɗanta ganye?

Allah ya jiƙanta, ya yafe masa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da nadamar da ba ta da magani.