Tsagar Da Auta Ya Bari A Layin Jirgi

Akwai wani dattijo da duk unguwarsu ke kira Injiniya. Ba wai karatun injiniya ya yi ba, a'a, wayar wuta ya yi ta haɗawa a gidaje da shaguna tun yana saurayi har kansa ya yi fari. Ya iya aikin, wannan ba mai musu. Halinsa ɗaya ne ya ishi mutane: bai taɓa duban aikin wani ya ce ya yi ba. Ko ƙwan fitila ka ɗaura a gabansa, sai ya miƙe ya ƙara murɗawa.

Matarsa tela ce, kowa Umma yake ce mata. 'Ya'yansu biyu: babbar ta yi aure tana wani gari, sai ƙaninta da ake kira Auta, wanda ke aiki a shagon magani yana zaune tare da su.

Auta ne ya shigo da jirgin ƙasa gidan. Ba na gaske ba, jama'a, ɗan mitsitsi ne, kansa bai wuce tsawon tafin hannu ba. A wajen 'yan gwanjo ya tsince shi cikin kwali, da taragunsa da siririn layin dogonsa. Irin wanda ake shimfiɗa wa layi a kan tebur ne, wuta ta shiga ta ƙarfe ɗaya na layin, ta fita ta ɗayan, jirgi ya kama tafiya.

Ya share ɗakin ajiya na bayan kicin, ya kafa faffaɗan katako a kan ƙafafu. Tasha da kwalin magani ya yi ta, gada da tsinken ashana, bishiyoyi kuwa soson wanka ne ya rina kore. A ƙarƙashin teburin wayoyi ne birjik.

Duk sanda Injiniya ya gifta sai ya yi tsaki, ya ce ƙato da gemu ya zauna yana wasan yara. Sau ɗaya ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya ce wayoyin kamar gashin da bai ga mataji ba. Auta dariya kawai ya yi.

"Baba, ka bari in gama tukuna."

Umma ce abokiyar zamansa. Takan ɗauko ɗinkin hannu ta zauna a kujerar roba suna hira, in ya ce ta riƙe masa katako ta riƙe, in ya ce ta ba shi zare ta yanko masa. Da zarenta yake yi wa wayoyinsa alama, wannan ja, wancan baƙi.

Bai gama ba. Zazzaɓi ne ya kama shi, aka ɗauka na yau da kullum ne, aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Injiniya bai yi kuka ba. Masu gaisuwa suka zo suka tafi, yana amsa musu da baki, amma shi kansa bai san me yake cewa ba. A sa masa abinci ya ci, ba zai iya gaya maka ko da gishiri ba. Umma ta lulluɓe keken ɗinkinta da zani. Gidan ya zama na mutum biyu masu wuce juna a tsakar gida suna cewa sannu.

Wata safiya ya buɗe ɗakin bayan kicin, ya shiga, ya mayar da ƙofa ya rufe. Bai gaya wa kowa ba, amma ya ƙudura sai ya ga jirgin nan ya yi tafiya.

Ya fara da bin layin da babban yatsa, kamar yadda ya saba yi wa aikin yaran da ya koyar. Can ƙarshen teburin, layin ya lanƙwashe ya yi zobe, yadda jirgi zai zagaya ya juyo, ya dawo ta kan hanyar da ya bi. A nan yatsansa ya ji tsaga. Ya duba da kyau, ya ga guda huɗu, biyu a mashigar zoben, biyu a mafita, kowacce ba ta fi kaurin farce ba.

Sai ya girgiza kai. Yaron nan ko haɗa ƙarfe da ƙarfe bai iya ba, in ji shi a ransa. Ya narka dalma ya cike tsagogin, ya goge wurin sumul. Akwai kuma wani ɗan makunni a gefen teburin da bai ga amfaninsa ba, ya kwance shi ya jefa a kwandon shara. Shi ke nan, ya manta da maganar.

Ya ɗora jirgi a kan layi, ya murɗa abin ba da wuta. Taransifomar da ke ba layin wuta ta yi ƙas, jar fitilarta ta kama. Jirgi ko motsi bai yi ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Hanyar da ke kai wuta da wadda ke mayar da ita ne suka taɓa juna a wani wuri. Kuma bai tsaya wani dogon tunani ba, ya riga ya san mai laifi: tarkacen wayoyin Auta. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin teburin, ya fara cire su ɗaya bayan ɗaya yana sa sababbi.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Ya cire waya, ya sa waya, ya murɗa, ƙas. Ba ya jin haushi, ba ya jin gajiya, ba ya jin komai. Umma ta kawo shayi ta ƙwanƙwasa, ya ce ta ajiye a bakin ƙofa, shayin ya huce a wurin.

Rana ɗaya ta shigo da tsintsiya. Ta ga wayoyin ɗanta a kwandon shara, da zarenta ɗaure a jikinsu. Ta sunkuya ta tsince su tsaf, har da ɗan makunnin, ta naɗe a gefen zaninta. Ƙafafun mijinta kawai take gani daga ƙarƙashin teburin.

"Malam, akwai wani wuri da Auta ya ce…"

"Umman yara, ɗinki naki ne, wuta tawa ce."

Ta fita. Ba ta yi fushi ba. Fushi ma sai da ƙarfi, ita kuwa ba ta da shi.

Babbar 'yarsu ce ta lura muryar mahaifiyarta ta sauya a waya. Ta ce za ta zo ƙarshen mako ta tafi da ita, ta ɗan huta a wurinta. Umma ta gaya wa Injiniya suna cin abinci, ya ce to.

Amma da zai wuce ta ƙofar ɗakinta, ya ga ta kwance kan keken ɗinkinta daga teburinsa, ta naɗe shi da bargo. Tun aurensu keken nan bai taɓa kwana a waje ba. Mace mai zuwa hutu ba ta tafiya da kekenta. Ya gane sarai cewa in ya fita daga gidan, mai shi ba za ta dawo ba. Amma sai ya koma ƙarƙashin teburinsa.

Ranar tafiyar, da hantsi, ya ɗaura waya ta ƙarshe. Ƙarƙashin teburin ya yi kyau ƙwarai, komai a miƙe, komai a jere, ba sauran ko zare ɗaya na Auta. Ya miƙe da ƙyar, ya murɗa.

Ƙas. Jar fitila.

Ya zauna dirshan a ƙasa, ya jingina da bango. Yana jin 'yarsa a waje tana buɗe bayan mota tana sa kaya.

Umma ta zo sallama, da mayafinta da jakar hannu a kafaɗa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce za su kama hanya, akwai abinci a firji, kada ya manta da maganinsa. Ya ce Allah ya kiyaye. Har ta juya, sai idonta ya faɗa can ƙarshen teburin. Ta taka a hankali ta je, ta shafa layin da yatsa.

"Ina tsagar da ke nan?"

Ya ce ya cike ta tun ranar farko, yaron bai haɗa wurin da kyau ba.

"Ba haɗawa ya kasa ba, Malam. Yankawa ya yi. Ni na riƙe masa katakon, ya daɗe yana awo kafin ya sa ɗan zartonsa. Ban san dalili ba, ya dai ce kada in bar kowa ya taɓa wurin."

"Har ni?"

"Cewa ya yi musamman kai. Yana dariya ya faɗa."

Injiniya ya dafa bango ya tashi. Ya ɗora yatsa a kan ƙarfen layin da ke ɓangaren bango, ya bi shi a hankali, ya shiga zoben, ya zagaya, ya fito. Da yatsan ya dawo kan hanyar da ya bi, sai ga shi a kan ɗaya ƙarfen, na ɓangarensa. Ya sake bi. Haka ya sake fitowa.

Ashe zoben juya layin yake yi, ƙarfe mai kai wuta ya dawo ya rungumi mai mayar da ita. Tsagogin nan huɗu su ne kaɗai ke raba su. Ɗan makunnin da ya jefar kuma shi ke juya wutar in jirgi ya shiga zoben, don ya samu ya fito. Duk kwanakin nan ya tuhumi kowace waya a ɗakin, bai taɓa waiwayar dalmarsa ba.

Ya daɗe a tsaye, yatsansa na kan ƙarfen.

"Ashe ba kuskure ya yi ba."

"Bai yi ba," in ji Umma.

Ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙunshi. Wayoyin Auta ne da makunninsa, da su za ta tafi. Ta ajiye a kan teburin, kusa da tashar kwali.

Ya nemo ɗan zarton a akwatin kayan aikin yaron, don ya sake buɗe tsagogin. Da ya ɗora shi a kan layin, sai katakon ya kama girgiza. Mutumin da ya yi shekaru yana korar masu taya shi aiki, yau ya kasa yanka abin da bai kai kaurin ashana ba. A waje 'yarsu ta danna hon.

"Umman yara," ya ce, bai ɗago ba, "ki riƙe min katakon."

Ta dube shi, ta dubi ƙofa. Sai ta sauke jakar daga kafaɗa, ta ajiye a kan kujerar roba, ta kama gefen katakon da hannu biyu, daidai inda ta taɓa riƙewa.

Da 'yar ta gaji da jira ta shigo, ta tarar da mahaifinta a ƙarƙashin tebur yana mayar da tsofaffin wayoyi da makunnin, mahaifiyarta a durƙushe tana miƙa masa, mai jan zare, mai baƙin zare. Ba duka suka koma ba, wasu ya riga ya datse su gunduwa-gunduwa. Waɗanda suka rage dai, ya mayar da su a karkace kamar yadda ya same su.

Ya ɗora jirgin, ya murɗa. Ba ƙas. Ɗan kan jirgin ya yi gurnani, ya ja taragunsa, ya haye gadar ashana, ya ratsa bishiyoyin soso, ya shiga zoben. Injiniya ya danna makunnin. Jirgi ya fito ya juyo, ya dawo ya tsaya a gaban kwalin magani.

Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi dariya. Su ukun suka tsaya suna kallo kawai.

Can Injiniya ya tambayi matarsa ko akwai sauran abin da Auta ya gaya mata a ɗakin nan. Ta ce da yawa. Ya ce yana so ya ji. Ta ɗauke jakarta daga kan kujerar robar, ta ajiye a ƙasa, ta zauna. 'Yar ba ta tambayi kowa ba, ta fita ta buɗe bayan mota, ta rungumo kan keken da bargonsa ta shigo da shi.

Kafin Umma ta fara magana, dattijon ya sake shafa tsagar da yatsa. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba ya fito daga bakinsa a hankali.

"Auta, aikinka ya yi."

Ba mai amsawa. A nan ne hawayen da suka ƙi zuwa tun daga asibiti suka zo, Umma ta bar shi ya yi, ba ta ce masa ya yi haƙuri ba.

Darasi: Ba duk abin da ba ka gane ba a aikin wani ne kuskure. Kafin ka gyara, ka tambaya. In abu ya ƙi, ka fara duba hannunka kafin na mutane. Ka saurari na kusa da kai har ya gama maganarsa, kuma in ɗanka ko matarka ko yaron aikinka ya yi abin kirki, ka gaya masa yau, yana da kunnen ji. Ku tura wa iyaye da masu gida wannan labari, wataƙila akwai wanda ke jiran kalma ɗaya daga gare su.