Shafukan da Ruwaida Ta Tsallake

Ruwaida 'yar Maraɗi ce, mai kaifin basira da ƙwazo, sai dai ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ko a waya, kafin mutum ya gama tambayar lafiyar gida, ta riga ta ce, "To, mi ya faru?" A birnin Lyon na Faransa take karatun adabi, tana rubuta kundi a kan gajerun labaran Amurka na farko-farko. Da wannan kundi za ta samu gurbin digirin dokta a Paris, ko ta rasa shi.

Marubutan wancan zamani sukan buɗe labari da 'yan shafuka, inda suke bayyana wanda ya ba su shi. Ruwaida ta ɗauki waɗannan shafuka tamkar doguwar gaisuwar mutanenmu, wadda ake yi don ladabi kafin a shiga zance. Sai ta riƙa tsallake su.

Abokin karatunta, Abdul'aziz, ya lura. Ya ce, "Ke Ruwaida, haka kike faɗawa gidan mutane ba sallama?"

Ta yi dariya. "Malam, kai tsaya gaisuwa a zaure. Ni sauri nike."

Ƙashin bayan kundinta labarin wata mata ne da mijinta ya rasu, wadda kullum take ajiye fitila a taga. A cikin labarin an ce fitilar kiran aljanu ce. Ruwaida ta rubuta cewa fitilar alama ce ta zunubin da marubucin yake la'anta.

Ranar kare kundi, wata dattijuwar farfesa ta tambaye ta a hankali, "Wane ne yake ba da labarin nan?"

"Marubucin ne mana."

Farfesar ta miƙa mata shafin farko. Ruwaida ta karanta. Maƙwabcin matar ne mai ba da labarin, mutumin da ya daɗe yana kwaɗayin gonarta. Ashe ƙazafi marubucin yake tonawa, Ruwaida kuwa ta taya maƙaryaci. Gurbin Paris ya kuɓuce mata.

Da yamma gwaggonta Hawwa ta kira ta daga unguwar Château Rouge ta Paris. Ruwaida ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe, sannan ta fashe da kuka.

Darasin a fili yake. Basira ba ta maye gurbin haƙuri. Kafin ka yarda da magana, balle ka yanke wa wani hukunci da ita, ka tsaya ka san bakin da ta fito.