Goyon Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kan tabarma.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

Wai Bushiya ce ta yi haihuwar fari, ta sami ɗa namiji, aka sa masa suna Nomau. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Amma irin son da take masa, Allah kaɗai ya sani.

Da ta gama wankan jego, sai ta fita rafi ɗiban ruwa. Sai ta ga kowace mace da goyonta, ana tafe ana jijjigawa. Sai ta dawo gida, ta ɗauko zani da majanyi, ta ɗora yaro a baya. To, kun dai san bayan bushiya. Ƙaya ta soki cikin jariri, ya tsala ihu, zani ya yi kaca-kaca. Ta sauke shi, ta ga ɗigon jini kusa da cibiyarsa. Ranar ko loma ɗaya ba ta iya haɗiyewa ba.

Matan rafi kuwa, bakinsu ba ya hutu. Suka yi ta cewa ɗan da bai sha goyo ba ai maraya ne, ko da uwarsa na raye. Maganar ta tsaya wa Bushiya a rai. Sai ta yanke shawarar ta ba da shi riƙo wurin mai bayan kirki.

Sai ta kai shi wurin Tunkiya. Ta ce, "Yaya, ga yaron nan, ki goya mini shi." Tunkiya ta karɓa hannu bibbiyu. Kafin azahar ƙayar yaro ta sarƙe da gashinta, yana kuka tana kuka, sai da aka kira wanzami ya raba su.

Sai ta kai shi wurin matar Biri. Matar Biri ta goya shi, ta haye tsamiya, ta yi ta tsalle daga reshe zuwa reshe, har ya amayar da ɗan nonon da ya sha. Ta dawo da shi, ta ce wannan yaro ba ya son sama.

Sai ta kai shi wurin Zomanya, mai baya kamar auduga. Zomanya ta goya shi, yaro ya yi tsit. Bushiya ta yi godiya, ta juya da sauri don kada a ga idonta. Ta koma ɗaki, nono yana zuba, tana ce wa kanta ai gata ta yi masa. Wallahi, yara, ta ba ni tausayi.

Ba a daɗe ba sai ga Zomanya a guje. Ta ce tun da aka bar mata shi ya dunƙule bai sake buɗewa ba. An yi rarrashi, an yi waƙa, an kawo nono a ludayi, amma babu bakin da za a ba. Ta ce, "Numfashinsa ya fara yin ƙasa. Taso mu je."

Bushiya ta tarar da gidan Zomanya cike da mata, kowace da tata dabarar. Wata ta ce a watsa masa ruwan sanyi, wata ta ce a ɓamɓare shi da muciya. Sai Bushiya ta roƙe su su matsa. Ta kwanta a ƙasa, ta buɗe cikinta, wurin nan mai laushi da ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Ta jawo yaron, ta dunƙule a kansa. Ƙayarsa ta shiga namanta, ta cije ba ta sake shi ba. Sai ta ajiye kunyar ɗan fari a gaban jama'a, ta ce a hankali, "Nomau. Nomau, ni ce. Innarka ce."

Ta sake kira. Can sai ta ji wani ɗan hanci mai sanyi yana lalube a cikinta, har ya kama nono.

Zomanya ta share hawaye, ta ce, "Ƙanwata, wannan goyon duk dajin nan babu mai iya shi sai ke."

Daga cikin dunƙulen aka ji muryar Bushiya. Ta ce, "Ku yafe ni, ba zan iya tashi in yi muku godiya ba. Nomau yana sha."

Ƙurunƙus kan kusu, ya faɗa rumbu ya bar mu da hamma. Kada ku raina halittarku don ta bambanta da ta maƙwabci, da ita za ku rungumi naku. Ku tashi, kowa ya nemi Innarsa.