Askar da Ba Ta Taɓa Shamsuddeen Ba

Malaminmu na Wara, Allah Ya ƙara masa yarda, masani ne mai taƙawa, bakinsa ba ya rabuwa da zikiri, ƙafarsa kuma ba ta san hanya ba sai ta masallaci da zaurensa. Ga abin da Allah Ya gudanar ta hannunsa.

Inna Fatima mai bandar kifi ta rasa jikoki biyu maza tun ba su kai wata uku ba. Dukkansu wanzami ya cire musu beli, wurin ya ƙi warkewa, ya yi ja, ya dinga ci ba ko ɗigon mugunya, har zazzaɓi ya tafi da su. Ita kuwa ta kafe a kan ba a cire da kyau ba ne. Da surukarta Khaulat ta haifi na uku, Shamsuddeen, sai ita Khaulat ta hana aska ranar suna. Amma aka kwana ashirin da biyar cibiyarsa ba ta faɗi ba, gefenta ya yi irin jan da Inna ta sani. Tsoro ya hana Inna cin abinci. Ta sa aka kira Sani wanzami ya cire beli, ya tsattsaga gefen cibiyar mugun jini ya fita.

"Miƙo min shi," ta ce wa Khaulat. "Goyo tara na yi kafin a haife ki."

Khaulat ta miƙa tana kuka. Sani ya buɗe zabira ya zaro aska, Inna ta danne hannuwan jaririn, zafin jikinsa na ƙona mata tafi. Sai sallama a ƙofa. Malam ne, alhali ba wanda ya aika masa, bai kuma taɓa taka gidan ba. Hannun Sani ya sandare a sama, ya kasa saukewa.

"Sani, mayar da askarka," in ji Malam a hankali. "Fatima, masu gadin jikin yaron nan suna da yawa, amma ba su iya isa inda aka yi ɓaraka. Kada ki buɗe mishi wata ƙofa. Ku kai shi babban asibiti yau."

Inna ba ta taɓa sakin abin da ta kama ba. Ranar ta saki.

A asibiti likita ta auna jininsa, ta ce fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun cika masa jini, amma haka aka haife shi, ba sa iya fita daga jijiya su je ga rauni. Larura ce da ba kasafai ake gani ba, kuma yanka ɗaya na iya zama ajalinsa. Ta tambaye su wane likita ne ya turo su. Inna ta zauna a ƙasa tana kallon hannuwanta, waɗanda suka danne jikanta na fari da na biyu.

Yau shekarar Shamsuddeen uku, kullum cikin magani, kuma ko ƙaya ce ta karce shi Inna ba ta runtsawa. Wanzami dai ba ya ƙetare ƙofarta.

Tsarki ya tabbata ga Mai sanar da bayinSa abin da Ya so. Allah Ya ja kwanan Malam, Ya ba mu albarkacinsa, Ya raya mana yaron nan. Amin.