Ruwan da Goro Ya Sha

An yi wani sarki mai suna Jatau, wanda arzikin garinsa duk a kan fataucin goro yake. Al'adarsa ce duk ƙarshen Zulhajji ya tara madugai a fada, kowa ya faɗi niyyar da ya ƙulla a farkon shekara da inda ƙafarsa ta kai, wanda ya fi cika buri a naɗa masa rawanin Sarkin Fatake.

Wata shekara aka yi fari a hanyar Gwanja, ayari biyu kaɗai suka dawo. Madugu Nomau ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na yi niyyar huhu ɗari, na iso da goma sha biyu. Saura ya bushe. Ba ni da hanzari."

Madugu Cindo ya ce, "Ni ma ɗari na ƙulla, ɗari na kawo." Bai ko ɗaga kai ba. Aka kwance huhu guda, sai ga goro jajir, ɗanye shar kamar jiya aka ɓare shi.

Sarki ya dubi Waziri Barau, tsoho ne wanda ya yi fatauci kafin ya shiga fada, ya ce, "Waziri, hukunci a bayyane yake. Amma ka warware mini wannan: me ya sa wanda ya yi hasara yake zaune da natsuwa, wanda ya yi nasara kuwa kamar mai zaman makoki?"

Waziri ya juya goro ɗaya a tafin hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, goro ɗan lele ne. Duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance shi, an tsince ruɓaɓɓe, an yayyafa masa ruwa, in ba haka ba ya mutu. Bana kuwa rijiyoyin hanya sun ƙafe tafiyar kwana shida. A tambayi kowannensu inda ruwan salkarsa ya tafi."

Nomau ya ce, "Mutanena suka sha, da jakai. Duk wanda na fita da shi na mayar wa uwarsa."

Cindo ya ce, "Ƙanena Jibo ya kamu da masassara a kwana na huɗu. Salka ɗaya ta rage. Ya ce, 'Yaya, ɗan jiƙa mini maƙoshi.' Na ce, 'Haba Jibo, kai da ka saba? Gobe muna rijiya.' Ya yi dariya ya ce, 'To, a gaida goro.' Na yayyafa wa kaya. Da muka isa rijiyar, babu komai cikinta sai yashi. A gefenta muka rufe shi." Ya share fuska da hannun riga. "Na gaya wa matarsa masassara ce. Shekara ashirin ina neman wannan rana, ranka ya daɗe, ga ta ta zo. A yi mini hukunci."

Sarki ya ce, "Waziri, kashe shi za a yi?"

Waziri ya ce, "Bai yi nufin kisa ba, ya yi zaton gobe tasa ce. Amma rawani ba ya zama a kan wannan kai. A sayar da huhu ɗarin nan duka, rabi na marayun Jibo, rabi a yashe rijiyar nan har a tarar da ruwa. Shi kuma ya tafi da ƙafarsa ya gaya wa matar gaskiya."

Cindo ya ce, "Takobi ya fi mini sauƙi."

Waziri ya ce, "Na sani."

Sarki ya zartar da hukuncin. Ya naɗa Nomau, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, amma ya hana a buga tambari ranar. Cindo ya tashi shi kaɗai ya nufi gidan ƙanensa.

Masu hikima sun ce, mai mulkin da ya auna abin da aka kawo masa, bai tambayi abin da aka bari a hanya ba, rabin adalci ya yi.