Tsohuwar Da Muka Kora Daga Bakin Rafi

Akwai wani dattijon majami'a a ƙauyenmu na Gbendere, can gefen kogin Ubangi, ana kiransa Tata Gbalimo, wato Baba Gbalimo. Shi yake karanta mana Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, da harshen Lingala, don babu shi a harshenmu. Tsofaffinmu suna cewa amin, amma rabin karatun ba sa ji.

Akwai kuma wata gwauruwa, Mama Yasongo, mai bandar kifi. Ba ta taɓa haihuwa ba. Kullum za ka same ta a bakin rafin da muke ɗiban ruwa, tana wanke rogo, bakinta yana motsi ƙasa-ƙasa.

Wata damina rafin ya cika ya yi ja, sai gudawa ta shiga yara. Asibiti kuwa sai an wuni ana tuƙa kwalekwale. Aka fara binne yara a bayan gonar ayaba, yau a wannan gida, jibi a wancan.

Bayan sujada, Tata Gbalimo ya tsaya a ƙofar majami'a ya nuna ta.

"Ke Yasongo, me kike faɗa wa ruwan da 'ya'yanmu suke sha?"

"Addu'a nake yi, Tata."

"Da wane harshe? Mu nan da Lingala muke roƙon Allah. Abin da ake faɗa a ɓoye da harshen kakanni, mun san ko wa ake kira."

Iyaye suna cikin zafin rashi, ba wanda ya tsaya mata. Har da uwata a cikin waɗanda suka yi shiru. Aka ɗora ta a kwalekwale da tukunyarta, aka kai ta wani tsohon zangon masunta a cikin kurmi.

Yara ba su daina mutuwa ba.

Tata Gbalimo ya daina bi ta bakin rafi. Ya gaya wa matarsa Anastazi cewa ko da rana tsaka yana jin muryar nan ƙasa-ƙasa a wurin, alhali ba kowa. Da ciwon ya kama jikarsa Filomena, sai ya ɗauki filafili ya shiga kwalekwale ya nufi zangon, don ya roƙi tsohuwar ta janye asirin da yake zaton ta saka.

Ya same ta kwance a bukkar da rufinta ya zube, ta rame, murhunta ya daɗe da mutuwa. Bakinta yana motsi. Ya durƙusa ya kai kunnensa don ya kama ta da bakinta.

Sunaye ya ji. Sunayen yaran ƙauyen, gida bayan gida, da harshenmu. Bayan kowane suna sai ta ce, "Yesu, ka riƙe wannan." Har da waɗanda aka riga aka binne, don ba wanda ya je ya gaya mata.

Ta buɗe ido. "Tata, kai ne? Yaya Filomena? Haƙorin nan ya fito?"

Da ƙyar ya ce, "Mama, ki yafe mini."

"Tun a kwalekwale na yafe. Ka mai da ni gida, ina jin sanyi."

Ya ɗauke ta kamar jaririya, ya sa ta a kwalekwale. Kafin su kai mashigar ƙauye ta cika a gabansa, yana tuƙi yana kuka.

Filomena ta warke, domin wata ma'aikaciyar jinya da ta biyo ta wajenmu ta ce a riƙa tafasa ruwan sha. Ashe ruwan rafin ne yake kawo ciwon. Tata Gbalimo da hannunsa ya fara haƙa rijiyar da muke sha yau. Ranar da aka binne Mama Yasongo ya buɗe baki zai yi addu'a da harshenmu, karo na farko a majami'a, sai muryarsa ta ƙi fita. Tsofaffin mata ne suka ƙarasa masa.

Ya tsufa yanzu. Ya ce ya san Allah ya gafarta masa, amma har yau in ya zo kusa da rafin nan sai ya sauya hanya.

Darasi: Kada zafin rashi ya sa ka ɗora laifi a kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Allah yana jin kowane harshe, kuma mai yiwuwa wanda kake zargi shi ne yake ambaton sunanka a gabansa. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, ku kuma tuna da mutanen Gbendere cikin addu'a, su sami ruwa mai tsabta, da asibiti kusa, da Maganar Allah a harshensu.